Tsinken Dakta da Shirun Juma'a

Ranar da na fara aiki a ɗakin binciken, abin da na tarar shi ne babban mutum mai furfura ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, yana wasa da ruwa a cikin robar wanki. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina tunanin ko ɗakin masu shara na faɗo. Sai ya ce in ajiye jakar in zo in sa hannu a ruwan.

"Malama, buɗe tafinki ki tura ruwan." Na tura. "To, juya hannun ki yanka shi da gefe. Wanne ya fi sauƙi?"

Na ce na biyun mana, ai wannan ba ya bukatar digiri.

"Madalla. Aikin da muke yi a nan ke nan. Sauran duk lissafi ne."

Shi ne shugaban sashenmu, Dakta muke ce masa. Ya yi karatu a waje ya dawo, ya shafe rabin rayuwarsa a aikin gwamnatin tarayya, kuma a duk tsawon shekarun nan abu ɗaya yake zanawa yana gogewa. Turawa na ce wa abin kantiliba, mu kuwa tsinke muke ce masa. Ɗan siriri ne ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa sosai, gefe ɗaya a kafe, ɗayan a sake, kamar rular da 'yan makaranta ke dannewa a bakin tebur su ja su saki tana karkarwa. In aka sa shi rawa, yana da saurin da ya saba, ba ya ƙetare shi. Amma da zarar wani abu ya maƙale masa, ko da ƙwayar cuta ce, nauyinsa ya ƙaru, sai rawar ta ɗan ragu. Hasken leza da ake haska masa shi ke kai labari ga kwamfuta, ita kuma ta zana layi. Layin zai yi ta tafiya a miƙe, in an kama wani abu sai ya sauka.

A iska abin ba wuya. A ruwa ake yin ta, don ruwa riƙe tsinken yake yi, rawar ta mutu kafin a auna komai. Ita kuwa cuta ba a iska muke nemanta ba, a ruwan rijiya take, da jini, da fitsari. Dabarar Dakta ita ce ya gajarta tsinken, ya sauya masa fasali yadda zai riƙa rawa ta gefe, yana yankan ruwa maimakon ya mare shi. Abin da yake nuna mini a roba ke nan. Nawa aikin kuma, tunda kimiyyar sinadarai na karanta, shi ne in shafa wa tsinken abin da zai kama ƙwayar taifot ita kaɗai, ya bar sauran tarkacen ruwa su wuce.

Na ukunmu shi ne mai kula da na'urori, mutumin Filato, dattijo ne a cocinsu, shi ya sa har Dakta ma Dattijo yake kiransa. Gajere ne, ba ya gaggawa, kullum da abin kwance noti a aljihun gaba. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Hajiya, ka kwana lafiya?" Haka yake gaishe ni kowace safiya, tun ina gyara masa har na haƙura. Ban ma je Makka ba a lokacin, amma a wurinsa duk mace mai mayafi da ke da tebur a ofis Hajiya ce.

Shekarun nan farar hula sun dawo sun zauna daram, arzikin mai yana shigowa, Abuja kuma ta haukace da gini. Ka wuce fili da ciyawa, ka dawo bayan ɗan lokaci ka tarar da bene ana shafa masa fenti. Kowa da sabuwar wayar salula a hannu yana ihu a cikinta. Daga Wuse nake hawa tasi mai launin kore da fari, mu cika baya maƙil, direba yana zagin tifa, tifa tana zagin direba. Mu ma mun ci albarkacin zamanin. An saya mana kwamfuta da leza da manyan batura da inbata mai mai da cajinsu wutar na'ura, aka kuma yarda a aika zanen Dakta wata masana'anta a ƙasar waje a ƙera. Tsinkayen suka iso a cikin wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana ba. An gaya mana ƙarara cewa daga waɗannan ba wasu, sai mu lallaɓa. Dakta ya kulle su a durowa, ya haɗa mukullin da na motarsa.

Sai dai ginin da ya kawo mana arziki shi ya hana mu sakat. A bayan katangarmu ake tayar da wani dogon bene. Ga injin kwaɓa siminti, ga tifofi suna juye dutse, ga wani inji mai dukan ƙasa da in ya buga har shayin da ke kofina sai ya motsa. Janaretan ofis kuma a ƙarƙashin tagarmu aka girke shi, kuma da yake wutar gari da rana sai a yi makonni ba a ga ƙyallinta ba, tun safe yake ruri har a tashi. Duk wannan girgiza ta ƙasa take biyowa ta hau ƙafar tebur, hasken leza ya yi ta zillo, layin kwamfuta ya zama kamar tonon kaza. Ko da tsinken ya kama ƙwayar, ba mai iya ganewa a cikin wannan hargitsi.

Ba irin dabarar da ba mu yi ba. Dattijo ya je Apo wurin makanikai ya dawo da tiyub ɗin taya, muka hura rabi, muka ɗora falan dutse a kai, muka ɗora na'urar. Ya je Paikon Kore inda surukinsa ke noma ya ciko buhuna da yashin rafi, har da jarkar ruwan rijiya don gwaji, muka tsoma ƙafafun tebur a bokitan yashi. Ɗakin ya koma rabi ɗakin bincike, rabi shagon faci. Abin ya ragu, amma bai isa ba. Na ce mu riƙa zuwa ranar Lahadi. Dakta ya ce akwai umarni daga sama, tun da aka taɓa sace na'urorin sanyaya ɗaki, cewa in an tashi aiki a rufe ƙofa, Asabar da Lahadi kuma ba mai shiga. Na ce ai maigadi mutuminmu ne, goro kawai za a ba shi. Ya dube ni ta saman tabarau har na ji kunya. Mutum ne da ko biron ofis ya samu a aljihunsa a gida, washegari sai ya dawo da shi ya faɗa. Ni kam a lokacin tsantsenin nan nasa haushi yake ba ni.

Wata Juma'a ce abin ya faru, kuma ba da shiri ba. In lokacin masallaci ya yi ofishin kan watse. Mai janareta ya kashe injinsa ya tafi, leburorin bayanmu su ɗare tifa su tafi, waɗanda ba Musulmi ba a cikinsu su ma ɗan kwangila yakan ba su hutun cin abinci a daidai lokacin. Ni nakan yi azahar ɗina a lungun ɗaki in buɗe kular abinci, Dattijo kuma ya miƙe a benci ya rufe fuska da hula. Ran nan mun manta na'urar a kunne a kan batur, da tsinke a cikin ruwa. Ina cikin cin dambu sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, zo ka ga wani abu. A hankali fa, kada ka taka da ƙarfi."

Layin a miƙe yake sak, ba ko ɗigon motsi. Sai a lokacin na lura da shirun. Har kukan tsuntsu nake ji daga waje, abin da ban taɓa sanin akwai shi a unguwar ba. Ban tsaya wanke hannu da kyau ba, na goge a mayafi, na sa safar hannu, na zuƙo ruwan gwajin da muka zuba wa ƙwayoyin taifot waɗanda aka riga aka kashe, na tura a hankali. Muka tsaya ba mai numfashin kirki. Layin ya yi tafiyarsa, ya yi tafiyarsa, sai ya fara karkata, ya gangara, ya sami wani wuri can ƙasa ya kwanta. Na toshe bakina da hannu don kada guɗa ta kufce mini. Dattijo ya cire hula ya riƙe a ƙirji yana motsa baki, na san addu'a yake yi irin tasu.

Kafin Dakta ya dawo, tifa ta riga ta sauke leburori, injin siminti ya tashi, janareta ya tashi. Ya shigo da dardumarsa a kafaɗa, muka tare shi da magana mu biyu a lokaci guda. Ya saurara, ya zauna, ya daɗe yana kallon hoton layin da muka adana. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi. To, ku sake yi in gani."

Muka sa sabon tsinke. Tonon kaza.

Juma'ar da ta biyo muka sake, ni da Dattijo, layin ya sake sauka. Muka gwada da ruwan rijiyar Paikon Kore tsura, bai sauka ba, muka zuba masa ƙwayoyin, ya sauka. Na ce wa Dakta lokaci ya yi da za mu rubuta a buga a mujallar masana, duniya ta san cewa dabararsa ta yi aiki. Ya ce a'a.

"Wato ba ka yarda da ni ba ke nan," na ce. Raina ya riga ya ɓaci.

"Ban ce ƙarya kike yi ba, Malama."

"To me ya rage? Ga hoto, ga shaidu biyu. Ko a kotu an wuce wurin."

"A kotu, ƙwarai. Amma takardar nan in na sa mata hannu, cewa nake yi na gani. Ni kuwa ban gani ba. Labari aka ba ni."

Na kwashi jakata na fita. Kwanaki ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu, ita ma a daƙile. Na ɗauka raini ne, don ni mace ce, don kuma ban kai shi karatu ba, har na gaya wa mijina cewa zan nemi canjin sashe. Abin da ya sauko da ni safiyar wata Litinin ce. Ina wanke kwalabe ya zo ya tsaya a bayana yana juya mukullai, kamar mai son rancen gishiri. Can ya ce, "Malama, in layin zai sauka ɗin nan, farat ɗaya yake yi, ko a hankali?" Na ce a hankali. Ya ce, "Kafin ya fara, yakan ɗan yi rawa?" Na juyo na kalle shi. Tun kafin in shiga sakandare mutumin nan yake zana tsinken nan, ga shi ya yi aiki a ɗakinsa, a kan teburinsa, kuma shi kaɗai ne bai gani ba. Tausayinsa ya kama ni, sai na ci gaba da wanke kwalbar da na riga na wanke.

Dattijo ne ya fara furta abin da ke bakin kowa. "Oga, Juma'a ɗaya kawai. Ka yi azahar a nan kamar Hajiya. Allah zai gane."

"Dattijo, ka taɓa barin cocin Lahadi saboda inji?"

"A'a, Oga."

"To."

Ni kuma na tsokane shi, na ce ya tafi Gwagwalada da safe ya juyo, sai ya zama matafiyi, Juma'a ta faɗi a kansa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in malaman unguwarsu suka ji wannan fatawar tawa sai sun kore ni daga garin. Maganar ba ta sake tasowa ba, kuma gaskiya ko da ya yarda, ni ba zan so ba. Ba shi ba ne kuma in ya yi hakan.

Sai aka shiga tsere. Unguwar sabuwa ce, ba masallacin Juma'a kusa, sai an tsallaka babban titi an yi 'yar tafiya. Dakta ya ce da an sallame zai taso. Juma'ar farko ya fito ya tarar an yi wa tsohuwar motarsa zobe, gaba mota, baya mota, masu su kuma suna can suna gaisawa da 'yan garinsu. Ta biyu ya ajiye motar nesa, kafin ya taka ya isa wurinta tifar leburori ta bi ta cikin fili ta riga shi. Ya gwada tasi, direban ya tsaya ɗaukar fasinja a kowace kwana. Akwai ranar da muka ji takunsa a matattakala, yana haki, ya kama mariƙin ƙofa ke nan janareta ya yi tari ya tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa da gumi har cikin hula, sannan ya je ya zauna a teburinsa ya buɗe fayil yana kallo ba ya karantawa.

Kowane gwaji kuma tsinke yake ci. Wanda ya kama ƙwaya ya gama aikinsa, wasu kuma tun a hannu suke karyewa, don ko atishawa ka yi kusa da su an yi asara. Akwatin ya yi ta raguwa har ya zama saura biyu, ɗaya ma da ɗan tabo a gefe. A cikin wannan hali takardar ritayar Dakta ta iso. Shekarun aiki sun cika, ƙarshen wata zai miƙa mukulli.

Yanzu in na bi ta unguwar nan da ƙyar nake gane ta. Benen da ya hana mu barci ya tsufa, gilashinsa ya dushe, an yi wasu da suka fi shi tsawo ta kowane gefe. Ɗakinmu an mai da shi wurin ajiye tsofaffin kujeru. Ina da ɗakin bincike mai tebur na musamman da ke shanye girgiza da kansa, ba tiyub, ba yashi, amma wallahi ina kewar wancan. Ina kewar warin roba da shayin citta, da yadda mu uku muke tafiya a kan yatsun ƙafa kamar masu jinya. Ban sake aiki da mutanen da na so kamar su ba.

Dabarar ƙarshe tawa ce, kuma daga kicin ta fito. Na ce tunda Dakta ba zai iya riga leburori dawowa ba, sai mu sa leburori su jira shi. Ba wanda zai bar abinci mai zafi ya je ya tayar da inji. Mu dafa musu, su dawo daga masallaci su tarar.

Dakta ya ɓata fuska. "Wannan ba toshiyar baki ba ce?"

"Sadaka ce, Dakta, ranar Juma'a. Ko ka hana a ciyar da ma'aikata?"

Ya shafa gemu. Ya ce to, amma a gaya wa shugaban leburorin gaskiyar dalili, kada a yi masa rufa-rufa. Dattijo ya je ya same shi, ashe daga ƙaramar hukuma ɗaya suka fito. Mutumin bai fahimci zancen tsinke ba, amma ya fahimci cewa wani tsoho yana son ya ga abin da ya ƙera kafin ya bar aiki, ya ce ba damuwa, zai ƙara musu ɗan lokaci. Har ya ce in Oga ba zai ji kunya ba, ya biyo su a tifa, ta fi kowace mota sauri. Ni da matar Dattijo muka shiga kasuwar Wuse muka yi cefane, muka dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, da mai da yaji, da soyayyen kifi. Mai janareta aka ware masa kwanonsa daban da kan kifi, aka roƙe shi ya ci a nitse.

Ranar na shirya tsinken mai lafiya tun da hantsi, na sa shi a ruwa ya zauna. Aka watse, shiru ya sauka. Na yi salla, amma abinci ya ƙi ciwuwa. Ta taga na hango tifar tana dawowa, a tsakiyar leburori ga Dakta tsaye da farar babbar riga, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya ya ƙanƙame ƙarfe. Mutum biyu suka kama shi suka sauko da shi. Matar Dattijo ta buɗe tukwane a gindin katanga, aka yi mata caa. Ba inji ko ɗaya da ya tashi.

Ya hawo a hankali, ya cire takalmi a bakin ƙofa don kada takunsa ya girgiza ƙasa. Rigar ta yi ja da ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya zo ya tsaya a gaban kwamfuta ya mai da hannuwa baya. Layin a miƙe, ya fi kowace rana kyau. Na zuƙo ruwan gwajin, na kai bakin sirinji ke nan, sai muka ji ihu daga ƙasa.

"An kawo wuta!"

Mun yi shirin tifa, mun yi shirin injin siminti, mun yi shirin janareta. Ba wanda ya tuna da wutar gari a cikinmu, don mun daɗe da cire ta daga lissafi. Duk na'urar sanyaya ɗaki da ke ginin ta tashi lokaci guda, da firji, da famfon tura ruwa sama, bango ya ɗauki gurnani. Layin ya wargaje a kan idonmu. Tunda nake ban taɓa jin haushin an kawo wuta ba sai ran nan. Na ji kamar in kurma ihu. Leburori kuma ba za su daɗe a kan abinci ba, na san cinsu.

Dattijo ya miƙe. Ya ajiye hularsa a benci ya fita. Ba a jima ba sai komai ya ɗauke ɗif. Daga ƙasa aka shiga tsine wa masu wuta, wai ko minti biyar ba su bari ba. Amma fitilar shagon mai katin waya da ke tsallaken titi tana nan a kunne, muna ganinta ta taga. Dakta ya kalle ta, ya kalli benci inda hular take, ya gane. Dattijo ya sauke babban makunnin ginin gaba ɗaya, har da ofishin Darakta, wanda ran nan ya dawo daga masallaci da baƙi.

Dakta ya juya ya nufi ƙofa. "Wannan ba daidai ba ne. Ba shi da izinin..."

Ban taɓa katse shi ba sai ran nan. "Dakta, ko ka sauka ka hana shi, ko ka tsaya ka kalli nan. Ba ka da lokacin yin duka biyun."

Ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Layin ya riga ya fara kwantawa. Ya waiwayo ya kalli kwamfutar. Sannan ya saki ƙofar ya dawo a kan yatsun ƙafa, babban mutum da furfura, ya tsaya inda yake ɗazu. Na ce bismillah na tura ruwan.

Layin ya ci gaba a miƙe. Ya yi ta tafiya har na fara zargin kaina, ko shafin da na yi bai kama ba, ko girgizar ɗazu ta karya tsinken. Gumi yana bin bayana, ɗakin ya ɗauki zafi, daga ƙasa ana ta ƙwala wa mai janareta kira. Ban yarda na kalli fuskar Dakta ba. Can sai bakin layin ya ɗan sunkuya, kaɗan, yadda in ba ka saba ba ba za ka lura ba. Ya ƙara sunkuyawa. Ya fara gangara.

Na ji ya ja numfashi. Ya matso har tabaransa ya kusa taɓa gilashin, hannuwansa har yanzu a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya. "Ikon Allah," ya ce, murya ba ta fita sosai. "Ashe haka yake yi." Hawaye ya biyo gefen hancinsa ya shige gemu, bai share ba, don yana tsoron ya motsa. Ni ma nawa suka zubo, na bar su.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Masinjan Darakta ne, ya leƙo da kai yana haki. "Ranka ya daɗe, Darakta ya ce mutuminku ya tsaya a ƙofar ɗakin wuta ya hana kowa shiga, wai yana duba matsala. Ya ce baƙi suna shan zafi, kuma yana son ya san wanda ya ba shi izini."

Dakta bai juyo ba. Idonsa na kan layin.

"Ka ce masa ni na sa shi. In takardar tuhuma ce, a rubuta da sunana."

"To, ranka ya daɗe. A mai da wutar?"

"A'a," in ji Dakta. "Ka ba shi haƙuri. Ka ce masa bai gama sauka ba."